Darasi na 12: Ziyarar Gidan Tarihi da Koyon Kallon Zane

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu san abin da ake ajiyewa a gidan tarihi na babban birni, da yadda mutum zai tsaya gaban zane har ya fahimci wani abu daga gare shi. Za mu tashi daga Gure, mu bi ta Damagaram, mu isa Yamai, sannan mu leƙa Landan da Zariya. Malami zai karanta kowane sashe sau ɗaya da murya, daga nan ɗalibai su karɓa bi da bi.

Idon da muka taso da shi

Mutane da yawa a garuruwanmu sun ɗauka gidan tarihi wurin Turawa ne da ƴan lakwal, kuma zanen da ake ratayewa a bango sai wanda ya yi boko mai zurfi yake gane shi. Wannan zato ba shi da tushe. Mutumin Gure cikin zane ya tashi tun yana goye. Ya ga ƙwaryar nono da aka ƙawata da wuƙa, ya ga faifai da tabarmar kaba masu launi, ya ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ya ga lalle a hannun amarya da aikin dukawa a jikin sirdi. Macen da ta tsaya a kasuwa tana juya atamfa biyu, ta ce wannan launinta ya kwanta, waccan kuwa ta cika hayaniya, hukunci ta yanke irin wanda masana zane suke yankewa.

Ku tuna da allon zayyana. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, akan kai allo wurin mai zayyana ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya kewaye su da da'ira da murabba'i da layukan da suka sarƙe da juna, da ja da rawaya da tsanwa da baƙi. Ba a yin wannan aiki da ka. Akwai awo a ciki, dama ta yi daidai da hagu, sama ta amsa ƙasa, in kuwa hannu ya karkace, kowa a wurin walimar zai gani ko bai faɗa ba. Ƙasar Muniyo, wadda Gure ce fadarta, ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma marubutan Barno sun yi suna a rubutun Alƙur'ani har ana kai aikinsu arewacin Afirka a sayar. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, ga ado a kan kowane hizifi. Irin waɗannan littattafai yau suna cikin akwatunan gilashi a manyan gidajen tarihi na duniya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane ɗan wannan yanki ya sani. Ƙaron da ake tsinka daga itacen ɗakwara a dajinmu, wanda malam ke jiƙawa ya haɗa da gawayi ya yi tawada, shi ne dai ake zubawa cikin fentin ruwa da masu zane suke aiki da shi a ko'ina a duniya. Ƙaro ne ke riƙe garin launi ya manne a takarda bayan ruwan ya bushe. Saboda haka mai tsintar ƙaro yana da hannu a cikin wannan sana'a, ko da bai taɓa taka ƙofar gidan tarihi ba.

Zangon farko: Damagaram

Daga Gure zuwa Damagaram kimanin kilomita 160 ne a kan babbar hanyar kwalta, ta Gidimuni da Mirya. Wanda ya je kada ya tsaya a tasha da kasuwar Dole kawai. Ya shiga unguwar Birni da ƙafa, ya riƙa ɗaga kai yana duban fuskokin gidaje. Zai ga inda magina suka fitar da ado daga jikin bango tun laka tana ɗanya, dagi da takobi da tauraro da layuka masu lanƙwasa, sannan aka bi su da fenti. Zai ga zanko a saman soraye, zai ga fadar Sarkin Damagaram wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ƙarnin da Sarki Tanimun ya ɗaukaka birnin kafin rasuwarsa a 1884. Damagaram ce hedkwatar Nijar a farkon mulkin Faransa, sai a 1926 aka mai da ita Yamai. Birnin yana da nasa gidan tarihi na jiha, kuma ya cancanci a shiga.

Sai dai bangon laka ba ya jure sakaci. Damina ɗaya mai ƙarfi tana wanke aikin da magini ya yi makonni yana yi. Mai gida ya rasu, magada su rushe zaure su ɗora bulo da kwano, adon ya tafi ba wanda ya ko ɗauki hotonsa. Ba laifi ba ne mutum ya so gida mai ƙarko, amma abin takaici ne jika ya tashi bai san irin hannun da kakansa yake da shi ba. Dalilin kafa gidan tarihi ke nan. Wuri ne da hukuma ko jama'a suka keɓe don a tattara abin da ya cancanci ajiya, a kare shi daga ruwa da gara da ƙura, a rubuta asalinsa, a buɗe ƙofa kowa ya zo ya gani.

Muze na Yamai

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Tafiya ce mai nisa, kuma galibinmu ba don yawon buɗe ido muke yin ta ba. Asibiti ne, ko neman takarda, ko biki, ko kai yaro jami'a. To, duk abin da ya kai mutum, ya yi ƙoƙari ya ware safiya ɗaya. Ya ce wa mai taksi ya kai shi Muze, wato gidan tarihi, ba direban da bai san wurin ba.

An buɗe wannan gida a 1959, shekara ɗaya kafin samun ƴancin kai. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan kafa shi shi ne Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubuci, haifaffen Foneko a yankin Tera a 1906, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa har 1974, ya rasu a 1982. Sunansa gidan yake ɗauke da shi yanzu. Shugaban gidan na farko wani masani ne mai suna Pablo Toucet. Filin ya kai hekta 24, a tsakiyar birni, ba nisa da kogin Isa, kuma maimakon dogon bene ɗaya sai aka yi ɗakuna daban-daban a warwatse cikin itatuwa, aka shafe su da fari da shuɗi, da ado irin na ginin Hausa.

Yara sukan ja iyayensu wajen zaki da kura da dorina, don akwai gidan namun daji a ciki. Manya kuma sukan daɗe gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin hamada, har da na wani kada da tsawonsa ya kai wajen mita 10. Akwai busasshen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar rairayi ayari suna gane hanya da shi, har mota ta buge shi a 1973 aka kwaso shi aka kawo nan. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, da na kayan kiɗa, da na yuraniyom, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar. Akwai rumfunan maƙeran azurfa da masaƙa da dukawa, suna aiki a gaban idon mai ziyara.

Mai neman zane ya nufi sashen zanen duwatsu. A can zai gane cewa zane a ƙasar nan ya girmi kowace masarauta da muka sani. A duwatsun Abzin da Jado, har da Tarmit da ke arewa da mu, mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce sun sassaƙa siffofin dabbobi, shanu da raƙuman dawa da jiminu, a wuraren da yau ba ka ganin komai sai dutse da rairayi. Wanda ya fi suna shi ne na Dabus, arewa da Agadas: raƙuman dawa biyu, babban ya fi mita 5, an fitar da kowane tabo na jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki shaida ne cewa hamadar nan ta taɓa zama daji mai ruwa da ciyawa. Babu takardar da ta rubuta mana haka a wancan zamani, zanen ne ya riƙe labarin.

Muze na Yamai ya fi ƙarfi a tarihi da al'adu. Zanen fenti na zamani an fi cin karo da shi a lokutan baje koli, a cibiyoyin al'adu da wuraren aikin masu zanen kansu. Ƙasar ba ta rasa gwanaye ba. Akwai Risa Iksa, Ba'abzine, wanda ya shahara da zana rayuwar makiyaya da raƙumansu. Akwai marigayi Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, ya fara da zanen hannu har ya zama ɗaya daga cikin na farko a Afirka da suka yi fim na zane mai motsi. A ganina, masu zanen Nijar sun isa a gina musu zaure nasu na dindindin, inda ɗan Gure ko ɗan Difa zai shiga kowace rana ya tarar da aikinsu a rataye.

Yadda ake tsayawa gaban zane

Manyan gidajen zane na duniya suna da girman da ke ruɗa baƙo. Na Luvur da ke Paris, wanda aka buɗe wa jama'a a 1793, yana baje abubuwa kimanin 35,000, kuma kusan mutum miliyan 9 suka shiga shi a 2023. Ku yi lissafi: in mutum ya ba kowane abu minti ɗaya, zai yi fiye da kwana 24 a tsaye, dare da rana. Yawancin masu zuwa suna rububin zane ɗaya ne, Mona Lisa na Leonardo da Vinci, wanda tsawonsa santimita 77 ne kacal, su ɗaga waya su ɗauki hoto su wuce. Wannan ba kallo ba ne. Ko a Paris ko a Yamai, gara mutum ya zaɓi zane uku ko huɗu ya ba su lokaci, da ya zaga ɗari ya fito ba abin da ya zauna masa sai ciwon ƙafa.

Shiga zauren zane kamar shiga ɗakin amarya ne ganin jere. Wadda ta yi jeren ta san dalilin da ya sa ta ɗora wannan kwano a sama, ta sa wancan a tsakiya, kuma mai hankali yakan tsaya daga bakin ƙofa ya ga tsarin gaba ɗaya kafin ya matso. Ma'aikatan gidan sun jera zanen ne bisa zamani, ko ƙasa, ko mai zane, ko batu. Ku fara gano tsarin.

In kun zaɓi zanen da ya ja ku, ku ja da baya taku uku ko huɗu. Kada ku yi saurin karanta takardar bayanin da ke gefe. Ku fara faɗa wa kanku abin da ke ciki dalla-dalla: mutum nawa, me suke yi, me suka sa, safiya ce ko yamma, rani ne ko damina. Sannan ku lura da inda idonku ya fara sauka. Ba haka kawai ya sauka can ba, mai zanen ne ya kai shi, ko da haske, ko da jan launi a tsakiyar duhu, ko da hannun wani da ke nuni. Ku nemi inda hasken ya fito, ku bi inuwa ku gani ko ta yarda da shi.

Daga nan ku matso, ba tare da taɓawa ba. A kusa za ku ga sawun buroshi. Wani mai zane yakan shafe fenti sumul har ba a ganin hannunsa, wani kuwa yakan tara shi da kauri ya bar shi da tudu da kwari. Fentin mai, wanda ake kwaɓawa da man wani iri, yana da nauyi da sheƙi kuma yana daɗewa bai bushe ba, shi ya sa mai zane yake iya komawa ya gyara. Fentin ruwa ba ya yafiya, in ya zauna a takarda ya zauna. Launi ma yana da tarihinsa. A Turai ta da, wani shuɗi mai zurfi daga dutsen da ake haƙowa a Afganistan ake niƙa shi, tsadarsa tana gogayya da zinariya, don haka sai a tufafin mai daraja ake sa shi. Mu da muka san darajar rawani ɗan Kura mai sheƙin shuni ba za mu yi mamakin haka ba.

Wani abin lura shi ne nisa. Ku tsaya a tsakiyar kwaltar da ta fita Gure zuwa yamma, za ku ga gefunanta biyu suna matsowa har su haɗu can gaba, itatuwan nesa kuma sun ƙanƙance. Masu zane a birnin Filorans na Italiya sun fitar da ƙa'idar wannan a ƙarni na 15, suka riƙa yin zane a shimfiɗaɗɗen allo ya zama kamar ana iya shiga cikinsa. Mai zayyana bai nemi wannan ba. Shi burinsa daidaito da cika fili. Hanyoyi biyu ne, kowace da gwanayenta, kuma kuskure ne a auna ɗaya da mudun ɗayar.

Za ku kuma gamu da zanen da babu mutum, babu dabba, babu gida, sai launi da layi. Wani zai ce ai ko yaro ya iya wannan. Ku ba shi lokaci tukuna. Ba wanda ya taɓa tambayar maɗinki hoton mene ne aska takwas, amma kowa ya san wadda ta yi kyau da wadda aka yi ta da gaggawa. Da wannan idon za ku duba. In bayan haka bai burge ku ba, ku faɗa, kuna da iko. Abin da ake so shi ne ku iya faɗin dalili.

Sai yanzu za a karanta takardar bayani. Yawanci tana ɗauke da sunan mai zane, shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, sunan zanen, shekarar da aka yi shi, da kayan da aka yi shi da su. A Yamai da Faransanci ake rubuta ta, amma lambobi ɗaya ne a kowane harshe, kuma kun iya karanta su. Sauran ku tambayi ɗan jagora. Aikinsa ke nan, kuma tambaya ba ta rage girman dattijo.

Zane ɗaya, mu karanta shi tare

A 1733 wani Bature mai suna William Hoare ya zana wani Bafulatani a Ingila. Ga abin da ke cikin zanen: mutum ne daga ƙirji zuwa sama, da farar riga da farin rawani, bayansa duhu ne ba komai, a wuyansa an rataye ƙaramin littafi mai jan bango, yana duban mai kallo kai tsaye, fuskarsa a natse.

Sunansa Ayuba Sulaiman Jallo, ɗan gidan malamai daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yau. Ya je fatauci bakin kogin Gambiya, kuma cikin abin da ya kai sayarwa har da bayi, sai shi ma aka kama shi aka sayar, aka tsallaka da shi Amurka aka sa shi aikin gonar taba a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ita ta faɗa hannun wasu manya a Ingila, aka fanshe shi aka kawo shi Landan. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka, a 1734 ya koma gida. Wanda ya rubuta labarinsa a lokacin ya ce da farko bai so a zana shi ba, da ya yarda kuma sai ya nemi a zana shi cikin tufafin ƙasarsu, ba cikin na Turawa ba, ya kwatanta wa mai zanen yadda suke.

Yanzu ku sake tunanin zanen. A wancan zamani, in baƙar fata ya fito a zanen Turawa, galibi bara ne a gefe yana riƙe da tire ko linzami. Wannan kuwa shi kaɗai ne a tsakiya, da rawaninsa da littafinsa. Duhun da ke bayansa ya sa ba abin da zai ɗauke ido daga fuskar, farin tufafi ya haska ta, jan littafin kuma ya ja ido zuwa ƙirji. Ya zaɓi yadda yake so a tuna da shi, kuma bayan kusan shekara 300 haka ake ganinsa. Hukumar gidajen tarihi ta Katar ta sayi zanen a 2009, aka kuma ba da aronsa aka baje shi a Landan.

Wane ne ya zana, don wa?

Wannan tambaya kada ta bar bakinku. A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gure a zamanin Muniyoma Koso, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Littafinsa ya fito a 1857 da 1858 da hotuna masu launi, har da sanannen hoton Kano daga kan dutsen Dala. Amma wanda ya ƙawata hotunan wani mai zane ne a Jamus, Martin Bernatz, wanda bai yi tafiyar ba, ya yi aiki ne da zanen gaggawa da Barth ya kawo. Hotunan suna da amfani ƙwarai, sai dai idon baƙo ne, aka kuma yi su don baƙi.

Bayan shekara ɗari, ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka ƙi yarda a ci gaba a haka. A 1958 Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi fenti da dabarun da malamansu Turawa suka kawo, amma siffa da batu daga gida za su fito. Okeke ya koma ga adon da matan Ibo suke yi a bango da jiki. Wani abokin karatunsu, Jimo Akolo, ya zana makaɗan Hausa da mahayan Fulani. Aikin waɗannan ɗalibai yanzu yana cikin manyan gidajen zane a Afirka da Turai da Amurka. Masu cewa mutanenmu ba su damu da irin wannan ba, su tuna da Kwatano: da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abome guda 26 a 2021, aka baje su a shekarar da ta biyo tare da aikin masu zanen zamani, dubban mutane suka yi ta layi don su gani.

Wani ɗalibi zai tambayi hukuncin hoton abu mai rai. Tambaya ce mai kyau, malamai sun yi bayani a kanta, kuma kowa ya koma ga malaminsa. Abin da za a ƙara shi ne, Musulmi sun gina fasaha mai faɗi a kan kyakkyawan rubutu da adon layi da na ganye, har akwai manyan gidaje da aka keɓe mata a Alƙahira da Doha. Wanda ya zaɓi ya tsaya a nan ma yana da abin kallo na tsawon rai.

Ladabin wurin

Ba a taɓa zane, ko da ɗan yatsa. Gumi da maiƙon hannu suna cin fenti a hankali, in mutum dubu suka taɓa wuri ɗaya sai ya baƙanta. Haske mai ƙarfi yana kashe launi, shi ya sa wasu ɗakunan suke da ɗan duhu, kuma ake hana walƙiyar kyamara. Ku tambaya kafin ku ɗauki hoto. Ba a shiga da abinci ko ruwa ko goro a baki, babbar jaka kuma akan ajiye ta a ƙofa. A riƙe hannun yara, a rage murya, amma ba a hana magana ba, kallo da abokin shawara ya fi daɗi. Ku tambayi ranakun buɗewa da kuɗin shiga tun kafin ku tashi, ku je da safe kafin rana ta yi zafi, ku riƙe ƙaramin littafi da fensir.

Tambayoyi

1. Wace alaƙa ce tsakanin ƙaron ɗakwara da fentin ruwa?
2. A wace shekara aka buɗe Muze na Yamai, kuma shekara nawa ke nan zuwa bana?
3. Me zanen Dabus ya nuna game da hamada a zamanin da?
4. Me ya sa ake so a kalli zane kafin a karanta takardar bayaninsa?
5. Me Ayuba Sulaiman Jallo ya nema daga wanda ya zana shi? A ganinku me ya sa?
6. Bubu Hama ya rayu daga 1906 zuwa 1982. Shekara nawa ya yi a duniya?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zo darasi na gaba da abu ɗaya mai ado daga gidansa: ƙwarya, faifai, hula, jakar fata, ko allon zayyana in mai shi ya yarda. Ya rubuta masa takardar bayani mai layi huɗu: sunan abin, wanda ya yi shi in an sani, garin da aka yi shi, da kayan da aka yi shi da su. Wanda bai san amsa ba ya tambayi tsofaffin gidan tun suna nan. Za mu jera kayan a aji, mu gayyaci mai unguwa da iyalanku su zo su gani, kowa ya tsaya kusa da nasa ya yi bayani. Ku zo da wuri, don jeren zai ɗauki lokaci.